Ƙwallaye Shidan da Ba Mu Ci Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ɗaliban Afirka da ke Kwalejojin Ƙatar,
Alhaji Injiniya Sabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da kuma gwiwar nan taka ta hagu wadda ka ce ita ta hana Kano samun gwarzon ɗan wasa a zamaninku. Mu Zagezagi har yau ba mu sami wanda ya taɓa ganin ka buga ba, amma mun karɓi labarin saboda girmanka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ranka ya daɗe, kai ka san ni, amma tunda a zaurenmu na 'yan uwa na waya zan saka wannan takarda, bari in gabatar da kaina ga wanda bai sani ba. Sunana Habibu. Ina koyar da lissafi a sashen yamma na wata kwalejin fasaha a nan Doha, sashen da ɗalibansa ke zuwa aji da takalmin aiki a ƙafa, wasu da ƙurar siminti a gira. Ni ne ake kira uban ƙungiyar ƙwallon sashen. Sunan ne babba. Aikin kuwa ɗaukar ruwan sanyi ne, da kai riguna wanki, da yi wa alƙalin wasa ihun da ba ya ji.

Na rubuta wa kwamitinka da Turanci, sakatarenka ya amsa mini da layi biyu. Na tare ka a bakin masallaci bayan sallar Juma'a, ka dafa kafaɗata ka ce, "Malam, khalas, magana ta ƙare, doka doka ce." To, shi ya sa na dawo da maganar cikin harshen da aka yi mana faɗa da shi muna yara, ni da kai, ko Allah zai sa ta shiga ta inda waccan ba ta shiga ba.

Na ɗaya: abin da kuka yanke.

Kwalejoji shida suka shiga gasar bana, kowace ta haɗu da kowace sau ɗaya, biyun da suka fi maki su ne za su buga wasan ƙarshe na ƙasa. Ta ɗaya ba gardama a kanta, babbar jami'ar nan ce, ta doke kowa har da mu. Matsayi na biyu ne ya zo da rikici: mu da kwalejin kasuwanci makinmu ɗaya, kuma da muka haɗu da juna kunnen doki muka yi, ɗaya da ɗaya. Sai kwamitinka ya zauna ya ce a duba rarar ƙwallaye. Aka duba, suka fi mu da biyar, aka ba su gurbin.

Ni malamin lissafi ne, ba sai an kira mini taro ba kafin in yarda takwas ta fi biyu. Abin da nake so a tambaya shi ne daga ina biyar ɗin ta fito. Daga wasa ɗaya tak ta fito. Su sun ci kwalejin kiwon lafiya takwas da nema, mu mun ci ta biyu da nema. Idan aka ajiye waɗannan wasanni biyu a gefe, mu ne a gaba da ƙwallo ɗaya. Ke nan duk shari'ar a kan ƙwallaye shida take, waɗanda suka ci, mu kuma muka ƙi ci. Na ce muka ƙi, ban ce muka kasa ba, kuma kai shaida ne, domin kana filin.

Na biyu: mutumin da ya koya mana ƙin.

Ka san Baba Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Ga wanda bai san shi ba, direban motar ɗaliban kwalejinmu ne, mutumin Zangon Kumasi, gajere, mai furfura a gemu kaɗai, kamar kansa bai sami labarin tsufan ba. Shi ya kafa ƙungiyar nan tun ba ta da riga, a wani fegi mai tsakuwa a bayan unguwar Najma, da takalma biyu a matsayin raga. Ba shi da takardar koci. Usur yake da shi, da murya, da Hausarsa ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, har in yana ba ni labarin gida yakan ce, "Matana ya gaishe ka." Ni kuma in ce ina amsawa, a gaida shi. Shekaru muna wannan wasa, bai taɓa gyarawa ba, ban taɓa gajiya ba.

Baba yana da doka ɗaya wadda ba a rubuce take ba. Yakan ce, "In mutum ya faɗi, ba a hawa kansa." Wata rana muka haɗu da wasu bayin Allah da ba su iya komai ba, wani yaronmu ya ci ta biyar, ya je gaban golansu yana taka rawa. Da aka tashi kowa ya shiga mota, yaron ya sa ƙafa a matakala, Baba ya ja ƙofa ya rufe, ya leƙo ta taga ya ce, "Mai rawa, ga tashar jirgin ƙasa can, ka ƙarasa rawar a hanya." Tun daga ranar ba wanda ya sake.

Ba Baba ya ƙirƙiro wannan ba, ranka ya daɗe. Ni da kai mun tashi muna kallon dambe a bayan kasuwa. In hannun mutum ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, sai a ɗaga hannun gwani, ba a ƙara wa na ƙasa naushi don a ƙirga. A kokawa ma wanda ya kayar shi ke miƙa hannu ya tayar. Kara muke ce mata. Na ɗan yi karance-karance daidai gwargwado, na ga al'ummomi da yawa sun san ta da wasu sunaye, amma ban taɓa cin karo da teburin gasa mai gurbinta ba.

A azumin bara, lokacin da annobar ta dawo da ƙarfinta, Baba ya kamu. Aka kwantar da shi inda ba a barin kowa ya shiga. Ɗan ƙanwarsa Abdurrazaƙ, wanda duk muke kira Razak, shi ne kyaftin ɗinmu, magidanci ne mai 'ya'ya biyu a Kumasi, ma'aikacin lantarki da rana, ɗalibina da yamma. Razak bai ga kawunsa ba tun daga ranar da motar asibiti ta ɗauke shi. Abin da ya samu kawai shi ne wani ma'aikacin jinya da kan kira shi ta waya bayan la'asar, ya kara wayar a kunnen Baba, ya ce wa Razak da Turanci ya yi magana, Baba yana jin sa. Razak bai san sunansa ba, bai san fuskarsa ba, domin a rufe take ruf. Muryarsa kawai ya sani. Haka aka yi ta yi har ranar da muryar ta kira ba don a yi magana ba.

Mutanen da aka bari suka shiga maƙabarta ba su cika sahu ɗaya ba. Ni da Razak muna ciki. Sauran 'yan ƙungiyar a wajen katanga suka tsaya, nesa da juna, kowa da takunkumi a fuska, kamar an jera su za a buga musu bugun tazara. Mutumin da ya kwashe shekaru yana kai jama'a duk inda za su, ranar tafiyarsa bai sami 'yan rakiya ba.

Na uku: ranar wasan.

A farkon shekarar nan ne, lokacin da cutar ta sake bazuwa, manhajar lafiyar da ke wayoyinmu tana ta rikiɗa daga kore zuwa ja kamar fitilar kan titi. Kwalejin kiwon lafiya ta zo filin da mutum tara. Sauran wasu suna killace, wasu an riƙe su a bakin aiki, domin su ma irin namu ne, aiki da rana, karatu da yamma, sai dai su aikinsu a lokacin shi ne tsayawa tsakaninmu da kabari. Sun roƙi a ɗage wasan, kwamitinka ya ce babu ranar da za a mayar da shi.

Razak ya ƙirga su, ya juyo ya ƙirga mu, sai ya ce wa mutum biyu su koma benci. Ɗayansu Sadiƙ ne, ɗan wasan gabanmu, ɗan garinku, wanda ko a mafarki ba ya ba wani ƙwallo in ya hango raga. Sadiƙ ya ce, "Kyaftin, ni fa?" Razak ya ce, "Kai ɗin dai. In na bar ka a ciki tamkar mu goma sha ɗaya ne." Sadiƙ ya zauna yana gunaguni, amma yabon ya ɗan sanyaya masa rai.

Tara da tara aka buga. Kafin hutun rabin lokaci mun ci biyu. Ana gab da tafiya hutun aka samu bugun kusurwa, Razak ya hau gaba, ya tsaya daf da golansu, wani dogon ɗan Kenya da idanunsa suka faɗa saboda rashin barci. Golan ya ɗaga murya yana tsara 'yan bayansa. Ina bakin layi, na ga Razak ya sandare. Ƙwallo ta zo ta wuce ta kansa bai ko yi tsalle ba.

Da aka fito hutu na miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Ya ce, "Malam, shi ne." Na ce wa? Ya ce, "Mai wayar Baba."

Bai yi wa yara dogon jawabi ba. Cewa ya yi, "Biyu ya isa. Wanda ya ƙara, ya tafi gida a jirgin ƙasa." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Aka koma, muka yi ta zagaya ƙwallo a tsakiyar fili, ba cikin raini ba, domin in sun ƙwace mukan bi su da gaske. Su kansu sun fahimta. Da aka busa tashi Razak ya je wurin golan, ya faɗa masa sunan Baba. Mutumin ya cire safar hannunsa, ya zauna a ƙasa a bakin ragarsa ya rufe fuska. Ba Musulmi ba ne, amma ya tambayi Razak inda aka binne shi.

Mako guda bayan haka kwalejin kiwon lafiya ta je wa kwalejin kasuwanci da mutum takwas, aka zura mata takwas, kowane mutum da tasa.

Ina so a fahimce ni a nan. Ba na zargin yaran kwalejin kasuwanci. Ba su karya doka ba, ba su san Baba ba, ba su san golan ba, kuma kocinsu mutumin kirki ne, ya kira ni ya yi mini jaje bayan hukuncinku. Sun ga raga a buɗe sun zuba. Da ni ma a wata makarantar aka raine ni, wataƙila da na tafa musu.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ranka ya daɗe, kana filin a ranar. Ka sauko daga inda kake zaune da babbar rigarka, ka haɗa gwiwar hannu da Razak irin gaisuwar lokacin, ka sa aka ɗauke ku hoto kai da shi da golan. Da yamma ka saka hoton a wannan zaure, ka rubuta a ƙasansa cewa irin tarbiyyar da aka kafa gasar dominta ke nan. Jama'a suka yi ta sa albarka. Hoton yana nan har yanzu, na duba shi da safiyar yau.

To, wanne za mu ɗauka? Abin da ka yaba a lokacin sanyi shi ne ka hukunta da zafi ya wuce. Da a ranar ka kira Razak gefe ka ce, ɗana, abin da ka yi ya yi kyau amma ka sani zai iya cin ku a ƙarshe, da ba ni da bakin magana. Ba ka faɗa ba, kuma ba za ka iya faɗa ba, domin a lokacin babu wannan doka. Ƙa'idar gasar, wadda ni ma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka amince da ita, cewa ta yi in an yi daidai a maki kwamiti zai raba gardama ta hanyar da ya ga ta fi adalci. Ba ta ambaci rarar ƙwallaye ba. Ku kuka zaɓe ta bayan an gama, don ita ce ta fi sauƙin bayani. Na san Bakano in ya ga lamba ta fi lamba hankalinsa ya kwanta, amma sauƙi daban, adalci daban. Doka doka ce, gaskiya ne. Sai dai wannan dokar ta iso fili bayan an busa tashi.

Na biyar: halin da Razak yake ciki.

Ba don kofi nake wannan rubutu ba. Kofin na gan shi, a kasuwar tsofaffin kaya ta Najma akwai waɗanda suka fi shi kyau.

Ranar da hukuncinku ya fito, yara suka taru a shagon shayin da muke zama. Ba wanda ya zagi Razak, da ma sun zage shi da ya fi. Sadiƙ ne kawai ya ce, yana kallon kofin shayinsa na karak, "Da an bar ni a ciki ko minti ashirin ne." Bai faɗa da mugunta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Razak ya tashi ya fita.

Bayan kwana biyu ya zo gidana, ya ƙi shiga, ya miƙo mini leda a bakin ƙofa. Kambun kyaftin ne a ciki, da usur ɗin Baba da yake rataye da shi a wuya tun rasuwar. Ya ce, "Malam, ni na kashe yara. Baba mutumin ƙauye ne, ni ma na bi shi. Nan ba Zango ba ne." Na karɓi ledar, ya juya ya tafi.

Ga abin da wataƙila ba ka sani ba. Aikin da Razak yake yi, na jan wayoyin fitilu a ɗaya daga cikin manyan filayen da duniya za ta zo kallo a watan gobe, ya ƙare. Kafil ɗinsu, wato ubangidan da ya kawo su ƙasar, ya ce waɗanda ba a buƙata su koma gida kafin baƙi su iso, za a neme su in an neme su. An yanka masa tikiti, zai tashi kwanaki kaɗan bayan ranar da kuka sa ta wasan ƙarshe. Karatunsa ya tsaya saura zango biyu. Zai kalli gasar duniya a talabijin a Kumasi, in akwai wuta, ya nuna wa 'ya'yansa fitilun ya ce da hannunsa a ciki. Wannan ba laifinka ba ne, ban kuma ɗora maka ba. Garin nan duk mun san a kan me muka zo shi: yalla maza ka shigo, khalas ka fita. Kowannenmu da ranarsa, har da masu babbar riga.

Amma akwai abin da yake hannunka. Mutumin nan zai bar ƙasar nan ba da takardar shaida ba, ba da kawunsa ba, domin ƙasar ta riƙe shi. Abu ɗaya ya rage masa na gado, ita ce maganar nan ta cewa ba a hawa kan wanda ya faɗi. Yanzu ya kawo mini ita a leda. Idan ya hau jirgi a haka, abin da zai koya wa 'ya'yansa shi ne kishiyarta, kuma kwamitinka ne ya karantar da shi. Yaran da suka rage a nan ma sun riga sun ɗauki darasin. Jiya na ji wani yana cewa baɗi ko guragu aka kawo musu sai sun zuba goma.

Saboda haka, ga roƙona.

Ba na cewa a ƙwace gurbin daga kwalejin kasuwanci a ba mu. In aka yi haka mun zama abin da muke kuka da shi. Wasa ɗaya nake roƙo, na raba gardama, mu da su, sha ɗaya da sha ɗaya, kafin ranar wasan ƙarshe. Na san filaye sun yi wuya, an fara rufe su saboda manyan baƙi. Fegin Baba yana nan a bayan Najma, ba a gina shi ba tukuna, takalman raga kuwa ni zan kawo. Kocinsu ya gaya mini in kwamiti ya kira za su zo. In suka doke mu, wallahi ni zan ɗaukar musu ruwa ranar wasan ƙarshe, na saba.

Sannan ina roƙon a rubuta yadda za a riƙa raba irin wannan gardama tun kafin a fara gasar baɗi, kowa ya san kan abin da yake bugawa.

In kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, to saura biyu, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin Razak a Najma, hawa biyu ne kawai, gwiwarka za ta iya, ka dube shi ka ce masa abin da ya yi daidai ne ko da ya jawo musu asara. Daga bakina ba ya ji, ya san ni nasa ne. Ko kuma ka cire hoton nan daga zaure, domin bai kamata a ci gaba da ado da mutumin da aka kayar saboda abin da ke cikin hoton ba.

Kuma don kada a ce Bazazzagi ya ɓoye aibin kayansa, bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Ledar tana nan a rataye a bayan ƙofata, ban buɗe ta ba tun ranar. Idan ka ba mu wasan zan kai masa ita, kuma na san zai karɓa. Idan ranar ta zo, Allah ya kiyaye, kwalejin kasuwanci ta iso fili da mutum tara, to ka yi haƙuri da mu, ranka ya daɗe. Za mu sake zaunar da biyu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya raya maka zuri'a, ya mayar da mu gidajenmu da mutuncinmu. Allah ya saka wa waɗanda suka yi jinyar marasa lafiyarmu lokacin da mu ba mu isa mu kusance su ba. Allah ya jiƙan Baba Isiyaku, ya sa kabarin baƙunta ya zame masa gida.

Wassalam.

Naka, ƙaninka kuma abokin wasanka,
Malam Habibu,
mai ɗaukar ruwan ƙungiyar sashen yamma,
Fereej Abdel Aziz, Doha.